Goro a Cikin Kwano

Sau uku ke nan Muhsin yana kaiwa shafi na ashirin da bakwai yana rufe littafin. Ya miƙe ya leƙa waje, ya dawo ya zauna a bencin shagon Labaran mai hayar littattafai, ya sake buɗewa. Juma'a ce, kasuwar Wudil tana ci, motocin shanu sun toshe hanya tun daga gada, amma shi hankalinsa yana kan littafin.

Shekara biyu matasan garin suna jiran kashi na uku na wani littafi mai suna Gidan da Ba a Fita, labarin Alhaji Nadabo, mai ikon da in ya nuna mutum da yatsa ba a ƙara ganinsa. Marubucin ya yi shiru, har aka gaji da tambayar Labaran. Da sojoji suka miƙa mulki sati uku da suka wuce, bakin kowa ya buɗe, sai masu karatu suka ce su za su ƙarasa labarin da kansu. Suka rabu biyu: samari a bayan Bilya, 'yan mata a bayan Safiyya. Aka naɗa Muhsin alƙali, tunda shi ke koyar da Hausa a sakandare. Sharuɗɗan uku ne. Wani daban zai kwafe kowane labari don kada a gane rubutu, alƙali ba zai yi magana da kowane ɓangare ba, sannan wanda ya ci, alƙali zai karanta shi a gaban jama'a bayan la'asar, daga farko har ƙarshe.

Kwafewar ba ta ɓoye komai ba. Labari na farko na su Bilya ne, ko makaho ya sani. Sun ba Alhaji Nadabo ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, da ƙoƙunan kawuna, da baƙar mage mai magana, da aljanar da ke fitowa daga kogi tana lasar jini. Muhsin ya ji daɗinsa ƙwarai, har ya yi dariya wuri biyu.

Na biyun babu aljani ko ɗaya. Nadabo ma sau ɗaya ya fito, yana gaisawa da mutane a wajen ɗaurin aure. Sauran duk labarin wata uwa ce da aka kama ɗanta ɗalibi. Duk Litinin da Alhamis tana shiga mota zuwa birni da dambu da soyayyen kifi a kwano, ta miƙa wa mai gadin ƙofar gidan da ake tsare da shi. Mai gadin mutumin kirki ne a ido. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce yaron ya ci, yana gaishe ta. In ta dawo ya ba ta kwanon a wanke, da farin goro guda a ciki. Ita kuwa ta riƙa nuna wa maƙwabta goron, tana cewa ɗanta ne ya aiko, ko a tsare bai manta da tarbiyya ba. Wata huɗu ana haka. Ashe yaron ya rasu tun satin farko.

Kowa a Wudil ya san yayan Safiyya, Ubaidullah, a tsare ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Abin da ba wanda ya sani shi ne, a lokacin Muhsin yana karatu a birni, yana zaune a ɗakin mahaifinsa, Malam Ya'u, wanda ke gadi a wani gidan da ba ya son a tambaye shi. Muhsin ya ci wannan dambun. Ya suɗe ƙayar kifin. Shi yake wanke kwanon, shi yake sayo goron, domin Baba ya ce wata 'yar garinsu ce ke yi musu alheri, kuma ɗan mutunci ba ya mayar da kwano haka nan.

Labaran ya shigo da rake a hannu, ya tambaye shi ko alƙali ya yanke hukunci. Ya ce masa Bilya ya riga ya ɗinka sabuwar riga saboda yau, kuma ya rantse in magensa ba ta ci ba zai kai ƙara gaban sabon ciyaman, tunda yanzu dimokuraɗiyya ake yi. Muhsin ya yi yaƙe, ya cusa littattafan biyu a aljihu ya fita.

Bai san inda za shi ba. Ya ratsa ta cikin 'yan tukwane, ya ɓullo wajen masu kifi, ya ji warin, ya juya. Ya tsinci kansa a bakin layin su Safiyya, ya tsaya yana kallon ƙofar zauren da ya shafe wata takwas yana zama a ciki. A nan take karanta masa abin da ta rubuta, kanta a ƙasa, muryarta tana rawa kaɗan a wurare masu daɗi, shi kuma ya koma gida yana maimaita jimlolinta kamar karatun allo. Bayan Sallah za a kai gaisuwar iyaye. In ya ba su Bilya, ba wanda zai zarge shi, sai ma a ce ya yi adalci bai fifita budurwarsa ba. Sai dai Safiyya ta san ya san wanne ya fi. In kuma ya ba ta, da bakinsa zai karanta labarin mai gadin nan, alhali Labaran ya gayyaci Malam Ya'u cikin dattawan da za su zauna a gaba. Tsohon zai gane kansa. Ita ma wataƙila ta gane shi a fuskarsa.

Ko dai ta riga ta sani? Wannan tunanin ya kore shi daga layin.

Ya sami mahaifinsa a ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci, yana gyara wayar rediyo. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya durƙusa, ya tambaye shi sunan matar da take kawo musu dambu a birni.

Tsohon ya ajiye rediyon. Da ya yi magana, a hankali ya yi. Ya ce an ba su umarni su riƙa karɓar abinci, duk wanda ya ce wani ya mutu shi zai maye ɗakinsa. Ya ce ya yi niyyar zubarwa, ya ga zubar da abinci ma laifi ne. Ya ce ranar farko da zai mayar da kwanon babu komai hannunsa ya ƙi, shi ya sa ya saka goro.

"Na ɗauka ladabi nake yi," in ji shi. "Sai daga baya na ji abin da take gaya wa mutane. Lokacin kuma in na daina, na faɗa mata ke nan."

"Baba, ita ce mahaifiyar Safiyya."

"Na sani. Tun ranar da ka faɗi gidan da kake neman aure."

"Kuma ka yi shiru?"

"Na saba," in ji tsohon.

Muhsin ya zaro littafin ya nuna masa, ya gaya masa abin da ke ciki da sharaɗin karantawa. Ya roƙe shi ya zauna a gida yau, ya ce za a ce ba ya jin daɗi. Malam Ya'u ya mayar da kansa kan rediyon. Ya ci gaba da murɗa wayar.

Ajin makarantar firamaren da za a yi karatun ya cika tun kafin a idar da la'asar. Samari sun hau tagogi, 'yan mata sun haɗu a gefe guda, Bilya yana ta yawo da sabuwar rigarsa yana cewa a tanadi ruwa saboda masu suma. Safiyya tana can ƙarshe, ba ta kalli Muhsin ba. Ya duba layin dattawa bai ga mahaifinsa ba, ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji kunyar sanyin.

Ya yaba wa labarin farko yadda ya kamata. Ya ce magen ta ba shi tsoro, aka yi dariya. Sannan ya ce tsoron mage yana ƙarewa in an rufe littafi, na biyun kuwa ya rufe shi sau uku bai ƙare ba, don haka shi ya ci. Samari suka yi gunaguni, Bilya ya cire hula ya buga a gwiwa, 'yan mata suka rungume juna.

Yana shafi na huɗu Malam Ya'u ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a. Aka matsa masa, ya zauna a gaba, ya ɗora hannuwansa a kan sanda. Muhsin ya ci gaba, amma yana kusantar ƙofar gidan da mai gadinta muryarsa tana shigewa, har ta koma kamar mai karanta wa kansa. Ya kai inda uwar ta buɗe murfi ta ga goro, ya tsaya. A can ƙarshen aji Safiyya ta ɗago, ba shi take kallo ba, ƙeyar tsohon take kallo.

"Ɗaga murya, Muhsin," in ji Malam Ya'u. "Na baya ba sa ji."