Akun Likita Anas

Likita Anas na Unguwar Mu'azu ba ya karɓar kyautar 'yan kamfanin magani. An kawo masa agogon bango, ya mayar. An kawo firji, ya ce a kai gaba. Sai dai tun yana yaro, in ya ga tsuntsu hankalinsa kan bar jikinsa.

Kevin, mai tallan maganin wani kamfani a Kudenda, ya gano haka. Ran nan sai ga shi da keji, ciki aku ne toka-toka mai jan wutsiya.

"Dokta, wannan ba kyauta ba ce. Maraya ne, masauki yake nema."

Likita ya dubi aku, aku ya karkace kai ya dube shi da ido ɗaya. Shi ke nan, aka rataye keji a ɗakin jira.

Ashe akun ya yi karatu. Da marar lafiya ya yi nishi sai ya ce, "Sannu! Sha Zankofen!" Maganin ciwon jiki ke nan na kamfanin su Kevin. Mutane su yi ta dariya, likita ma haka. Tun yana ji da kunne, har sunan ya sauko masa a yatsu.

Wata Talata Baba Garba maƙeri ya zo da ciwon baya. Likita na sauraren aku ta taga, ya rubuta masa Zankofen ya sallame shi. Sai da ya kira na gaba sannan ya tuna: Baba Garba na da gyambon ciki, wannan ƙwaya kuwa tana iya sa shi aman jini.

Ya fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ya faɗa keke. A bakin kemis ya iske tsohon, ƙwaya a tafi, yana huda ledar ruwa da haƙori.

"Baba, tsaya! Kada ka sha!"

"Ikon Allah! Kai ka rubuta, tsuntsunka ya sa albarka, yanzu kuma ka biyo ni ƙafa ɗaya a ƙasa?"

"Tsuntsun ne ya rubuta, Baba. Ni biro kawai na riƙe."

"To, gobe shi zan gani. Ya ma fi ka iya gaisuwa."

Likita ya karɓe ƙwayar, ya sa aka ba shi wadda ta dace da cikinsa. Da ya koma asibiti ya daɗe tsaye gaban keji yana sosa wa aku kai. Sannan ya sauke shi, ya kira Kevin.

"Zo ka ɗauki marayanka."

"Haba Dokta, me ya yi?"

"Aikinsa ya yi. Ni ne na bar nawa. In ka tafi da shi, gyaɗa yake so, ba gero ba."