Rabin Kofin Ruwa

Da 'yata Girija ta dawo gida ta haihu, yadda uwata ta yi mini jego haka na yi mata. Na naɗe mata kai, na cusa mata auduga a kunne, na sa kaskon garwashi ƙarƙashin gado. Abincinta gurasar dawa da man shanu da tafarnuwa. Ruwa kuwa rabin kofi a yini, kada sanyi ya shige ta, nono ya tsinke. Kowa a ƙauyenmu haka yake yi, ni dai na fi kowa tsanani.

Kwana tara ta fara ciwon kai, na ce rashin barci ne. Bayan kwana biyu hannunta na dama ya saki, ta faɗi tana shure-shure.

A asibitin birnin Hubli hoton kai na farko bai nuna komai ba. Har mijinta Mallappa ya fara cewa iskoki ne. Sai ga Likita Sumangala, 'yar ƙarama, wadda da a kasuwa na gan ta sai in aike ta. Ta haska idon Girija, ta daɗe tana leƙe, ta duba harshenta, ta juyo gare ni, ta kira ni Awwa, wato uwa a yarenmu.

"Awwa, ruwa nawa take sha?"

"Rabin kofi," na ce, har da alfaharina.

Ba ta ɗaure fuska ba. Ta sa aka sake hoto, na jijiyoyin da ke kwaso jini daga ƙwaƙwalwa, sai ga gudan jini ya toshe ɗaya. Ta ce jinin mai jego dama yana saurin daskarewa, ƙishirwa kuma tana ƙara masa kauri. 

Mallappa ya nuna ni a gaban mutane, ya ce ashe ni na kashe masa mata.

"Matarka ba ta mutu ba," in ji likitar. "Kuma da tsohuwar nan ta ɓoye mini gaskiya, da har yanzu lalube nake yi. Sauke hannunka."

Ban taɓa ƙaunar baƙuwa kamar yarinyar nan ba.

Kwana shida ana yi wa Girija allurar tsinka jini, ina zaune a ƙasa, na kasa kallon fuskarta. Ran na bakwai na ji an kamo mayafina. Hannun Girija ne, na daman.

"Awwa," ta ce, "daina ɓuya. Miƙo mini ɗana."