Abin da Ke Cikin Ƙofar Alhaji Oumar

Alhaji Oumar ya sauko daga a-kori-kurarsa ya tura ƙofa, ƙofar ta rufu dum, kamar an ajiye buhun gero a kan yashi. Mahmudu da ke tsugune yana haɗa waya ya ɗago kai. Shekara goma sha ɗaya yana sa wa dillalin shanun nan rediyo da sifika, ya san kukan ƙofar motar kamar yadda ya san tarin matarsa. Kwaram take yi. Yau ba ta yi ba. Nan take ya san hannun wani ya shiga cikinta, kuma ya san hannun wane ne.

"Jam na, Malam Mahmudu?" Alhaji ya gaishe shi da Fulatanci.

"Jam, Alhaji. Na ji ƙofa ta yi ladabi."

Alhaji ya yi 'yar dariyar kunya, ya gyara hula. "Kada ranka ya ɓaci. Kwaltar nan da ka manna min a ciki don ta kashe ƙara, zafin watan Maris ya narkar da ita. Gilas ya ƙi sauka, ga wari, har babbar rigata ta Juma'a ta samu rabonta. Shi ne na leƙa wajen yaron can."

Yaron can shi ne Serge, wanda ya zo daga kudu wata takwas da suka wuce, ya kafa rumfa a tsallaken titi, daidai inda idon Mahmudu ke sauka duk lokacin da ya miƙe. Duk unguwar Djamboutou ba a maganar kowa sai tasa. Wai motar da ya taɓa, ko ka ƙure kiɗa ba ta kakkarwa. Wai kuma da araha. Kayan kashe ƙara na asali, wanda ake kawowa daga Douala, kuɗinsa ya fi na sifikar kanta, babu direban da ke iya saye. Mahmudu ya gwada kwaltar rufin kwano, ya gwada soson katifa, ya gwada tsohon kafet, duk rana ko ruwan sama sun kunyata shi. To shi wannan me yake sawa? Serge ba ya buɗe ƙofar mota sai ya ja labulen buhu, kai ka ce haihuwa ake karɓa.

"Saurara ka ji," in ji Alhaji. Ya miƙa hannu ya kunna kiɗan kalangu, irin wanda mahauta ba sa gajiya da shi, ya ƙure. Kalangun ya fito tas, kowane bugu da nauyinsa, ƙarfen ƙofa bai ce uffan ba. Wallahi da daɗi. Daɗin ne ma ya fi ƙona wa Mahmudu rai. Can sai sautin ya ɗauke ɗif, ya dawo, ya sake ɗaukewa.

"Ka ji matsalar. Waya ce, kuma a harkar waya babu kamarka. Zan shiga kwata, in dawo da la'asar. Gobe zan yi Kaélé cin kasuwa. In aikin Serge ya jure wa hanyar nan, sauran motocina uku shi zan ba wa, ba zan ɓoye maka ba."

Ya tare ɗan acaɓa ya tafi, ya bar makulli a hannun Mahmudu.

Wayar ba ta ci minti goma ba. Ta saɓule ne a bayan rediyo, ya ɗaure ta, ya naɗe. Sai ya tsaya yana kallon ƙofar. Motoci uku. In Alhaji Oumar ya tsallaka titi, duk mahautan kasuwa za su bi shi, don inda ya sa ƙafa nan suke sawa. Shi kuma a bar shi da ɗaurin waya, kamar wanda bai taɓa koya wa kowa sana'a ba.

Daga tsallake Serge ya ɗago hannu. "Babban yaya, sannu da aiki!"

Ji munafuki. Mahmudu ya ɗaga masa yatsu biyu, ya juya motar ya shigar da ita bayan rumfa, inda ba a hangowa.

Abin da ya ƙudura ba mai wuya ba ne. Ya buɗe, ya ga sirrin, sannan ya ɗan sassauta abin da ya tarar. Ba yau zai nuna ba. Sai an wuce garin Figuil, hanya ta fara jijjiga mota, ƙofa ta koma kwaram-kwaram ɗinta. Wa zai ce shi ne? Zuciyarsa ta ce haram, ya ce mata ta yi shiru, ai shi ma an ci amanarsa.

Ya kwance kusoshi, ya ɓamɓare marufin ciki a hankali. Abin da ya fara gani robar cikin taya ce, an yanka ta falle-falle an manne da gam a jikin ƙarfe. Ya taɓe baki. Wannan ai ko shi ya taɓa tunaninsa. Amma a bayan marufin akwai wani abu shimfiɗe, mai kaurin yatsa biyu, an yanka shi daidai da siffar ƙofar, an bar wa sifika da hannun gilas gurbinsu. An rufe shi ruf cikin farar leda mai kauri wadda ake ganin abin da ke cikinta, an ƙone bakin don kada ruwa ya shiga. Ya danna. Auduga ce, an ɗinke ta gida-gida cikin tsohon yadi yadda ba za ta dunƙule ba. Ya sa hannu zai fizgo, sai hannun ya tsaya.

Yadin shuɗi ne. A gefe guda akwai aljihu, a bakin aljihun akwai 'yar ƙuna zagayayyiya. Shi ya yi ta da kansa, ranar da ya manta ya soka ƙarfen dalma da zafinsa. Kaftaninsa ne, wanda ya ɗauka an bayar sadaka tun bara. A kowace kusurwa kuma ga ƙulli biyu na jan zare, irin wanda ke jikin matashin da yake ɗora kai a kansa kullum.

Mahmudu ya zauna daɓas a kan taya.

Salamatu matarsa katifa da matashi take ɗinkawa, da ragowar audugar da ƙaninta ke aiko mata daga Kaélé. Shekara biyu ke nan, wata rana ya dawo yana mitar ƙofofin da ke ƙara, ta ce me zai hana ta ɗinka masa 'yar siririyar katifa ya sa a ciki. Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce mota ba gadon amarya ba ce, ta tsaya a kan abin da ta sani. Har a majalisa ya ba da labarin aka yi ta ƙyaƙyatawa. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Wato duk wata takwas ɗin nan da yake kwana da Serge a ransa, sirrin yana tsakar gidansa, yana tsallake shi kowace safiya in zai fita. Kishin da ya taso masa yanzu ya fi na farko ɗaci. Wani ƙato can ya san darajar hannun matarsa, shi bai sani ba.

Ya miƙe daga kan tayar. Sannan ya mayar da marufin. Kusurwa ɗaya ta ledar ta ɗan ɗago, ya sa gam ya danne ta sosai, ya ɗaure kusoshin tamau. Da Alhaji ya dawo ya ba shi makulli, ya ce waya ta gyaru, Allah ya kiyaye hanya. Ya rufe rumfa tun rana da sauranta.

A gida ya tarar da Salamatu a inuwar darbejiya, ta miƙe ƙafa, auduga har a gashin girarta.

"Maigida, lafiya da wuri haka?"

"Maman Sadiya, ina shuɗin kaftanina?"

Allurar ta tsaya, sannan ta ci gaba. "Wanda ka ce ko tsumma bai kai ba? Yana cikin mota, yana yawon duniya."

"Shi ne ba ki gaya min ba."

"Na gaya maka. Kai na fara gaya wa." Ta ciji zare. "Denise matar Serge ce ta kawo gyaran matashi, muna hira na ba ta labarin dariyar da ka yi. Washegari sai ga ta da awon ƙofa a takarda. Da na ce zan riƙa yi wa Denise ɗinki, ka ce in yi ta yi, kai ba ruwanka da harkar mata."

Haka ya ce. Ya tuna har inda yake tsaye da ya faɗa.

"Kuma yana yabawa?" Bai so tambayar ta fito ba, ta fito.

"Kullum sai ya aiko da godiya. Madam Salamatu yake ce min."

Madam! Mahmudu ya matso. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da ita, yana kallon yadda allurar ke shiga tana fita, layi a miƙe kamar an ja da igiya.

"To ni ma ina so. Guda biyu, in gwada."

"Ka kawo awo," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Amma sai na gama shidan nan. Na motoci uku ne, Serge ya ce in shirya su kafin jibi, ya san aikin ba zai ba shi kunya ba."

Ya dubi tarin yadin da ke gefenta. Har da wani tsohon wandonsa a ciki.

"Riƙe min bakin nan," ta ce, "yana zamewa."

Mahmudu ya sa hannu biyu ya riƙe.