Ƙara Biyu, a Katse

Shekara talatin da ɗaya Don Hermógenes Chiroque ya yi yana tura motocin ƙanƙara a wata masana'antar ƙanƙara da ke Paita, wani gari a bakin teku. Tsofaffin wayoyi huɗu ne a teburinsa, kowace da layinta, kowane layi da matsayar jiragen kamun kifin da ke kiransa. Masunta ba sa surutu, hannunsu na cikin kifi. Mutum zai buga, ta yi ƙara biyu, ya katse. In ta farko ce ta yi kuka, ƙanƙara ta nufi matsayar arewa. In ta uku ce, ta bakin kasuwa. Ba wanda ya rubuta wannan ko'ina.

Sai Doña Felícita, mai masana'antar, ta ɗora surukinta Wílmer a kan ofis. Injiniya ake ce masa, ko da yake ba a taɓa ganinsa riƙe da sifana ba.

Wílmer ya zo da sababbin wayoyi goma sha biyu masu bi ta intanet. Amma akwatin da ke raba kira yana da iyakar abin da yake ɗauka: tsohon layi ɗaya yana cin gurbin sababbin wayoyi huɗu.

"Mu cire uku, mu bar ɗaya," in ji Wílmer. "Duk lambobin su zuba a cikinsa. Kowa ya sami waya a teburinsa."

"Har mai shara?"

"Don Hermo, zamani ya wuce ka."

"Ɗaki goma sha biyu, ƙofa ɗaya. Gidan wane mahaukaci ne wannan, Injiniya?"

Wílmer ya yi dariya, ya sa aka cire.

Ranar Talata da hantsi jirage suka shigo a jere, cike. Kira ya faɗo, wayoyi goma sha biyu suka ɗauki kuka lokaci guda. Ƙara biyu, shiru. Wílmer ya ɗaga tasa yana ta "halo, halo" ga iska.

"Wace matsaya?" in ji Hermógenes.

"Ai tana nuna lamba."

"Lambar wa?"

Ba wanda ya san ta. Wílmer ya bi kiran, ba a ɗauka ba. Yana nan maƙale da layin, sauran masunta na bugowa suna jin a cike. Motoci uku na tsaye a tsakar gida, ƙanƙara na ɗiga, direbobi na cin gasasshiyar ayaba suna kallon ofis.

Hermógenes bai tashi ba. Ya naɗe hannu.

Kafin azahar Eusebio Pazos, masuncin da ya shekara ashirin yana sayen ƙanƙara a nan, ya shigo da ƙarnin kifi har wuya. Ko kallon Wílmer bai yi ba.

"Aboki, ka mutu ne ba a gaya mini ba? Sau biyar na buga. Na je na sayi ƙanƙara a wata masana'antar. Gobe in ta sake, mun tafi ke nan, ni da jiragen arewa duka."

"Da raina, Eusebio. Ilimi ne ya zo mana."

Doña Felícita ta ji komai daga bakin ƙofa. Ta dubi surukinta, ta dubi wayoyin.

"Layi nawa kake so, Don Hermógenes?"

"Nawa huɗu."

"A bar mana ko takwas mana, Mama," in ji Wílmer. "An riga an saya."

"Akwatin ba ya jin magiya," in ji tsohon. "Kai ka faɗa da bakinka."

Ta ce a mayar. Hermógenes ya buɗe kabad ya fito da tsofaffin wayoyinsa uku, ya goge su da gefen riga, ya jera.

Wílmer ya tsaya tsakiyar ofis, bai san ta inda zai fara cirewa ba.

"Fara da taka, Injiniya," in ji Hermógenes. "Ita ce ba mai nema."