Kwamfutocin da Suka Ƙi Tashi

Tun safe Injiniya take zaune gaban allo a ɗakin saba, sanyin na'ura yana cin yatsunta. Kwamfutocin da take fama da su ba su da jiki, a cikin saba, wato babbar kwamfutar ofis, suke zaune. Ita ta rubuta umarnin da ke ƙirƙirar su da yawa a lokaci guda, domin masu zuwa koyon aiki gobe kowa ya samu tasa. An ƙirƙire su kuwa. Sai dai in an kunna, maimakon kowace ta nemo manhajarta ta hanyar sadarwa ta kama aiki, sai ta tsaya tana jiran a ba ta adireshin shiga sadarwar har ta gaji. Ɗaya tak ce take samu.

Oga ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Injiniya, in aka rufe ofis ba su gyaru ba, a jefar da umarnin nan naki, mu koma haɗa su da hannu kamar da."

Haɗawa da hannu kuwa ta san me yake nufi: kowane ƙarshen mako a ofis, yaranta a gidan ƙanwarta. Saboda wannan ta rubuta umarnin tun farko.

Dogo, abokin aikinta mai son sauƙi, ya juyo da kujerarsa.

"Yaya, kashe ki kunna mana. Ni ko ciwon kai haka nake masa."

"Shi ya sa kanka bai taɓa warkewa ba," in ji ta.

Akwai irin su Dogo ko'ina. Suna kashewa suna kunnawa, in abu ya gyaru su ce ƙwarewa ce. Lalaci ne kawai.

Ta duba wayoyin sadarwa, lafiya lau. Ta duba sabar da ke raba adireshi, tana aiki. Ta haɗa wata kwamfuta da hannu, nan take ta samu adireshi ta kama aiki. Dogo ya tafa.

"Kin gani! Oga ya yi gaskiya."

"Na ga inda laifin ba ya nan. Saura inda yake."

Ta ƙi fita cin abinci. Ta kashe su duka, ta kunna ta tsakiya ita kaɗai. Ta samu. Ta ƙara wata, sabuwar ta tsaya. Ashe ba ta farko ce mai sa'a ba, duk wadda ta riga ita ke samu. Ta buɗe katin sadarwar biyu daga cikinsu, mai ɗauke da lambar da saba ke gane kowace da ita, ta jera su gefe da gefe. Lambarsu ɗaya ce. Ta uku ma haka.

Daga kwamfuta guda umarninta yake kwafo sauran, ya kwafo har da lambar katinta. Sabar tana jin murya ɗaya tana ta roƙo, sai ta ba da adireshi ɗaya ta yi shiru. Ita da hannunta ta bar wannan layin na umarnin a haka, ranar da take sauri.

Ta gyara shi yadda kowace za ta samu sabuwar lamba, ta goge su kaf, ta sake sakin umarnin. Allo ya fara cika, wannan na bin wannan, kowace da adireshinta.

Oga ya dawo da makulli a hannu.

"Wa ya ɓata?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Na kuma gyara."

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya mayar da makullin aljihu.

"A bar umarnin."

Ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta. "Ki gaya wa yara Asabar ina gida."