Kason Injiniya

Allon tallan ya sake zamewa daga jikin rumfar, Manaja ya tare shi da kafaɗa yana laluben salatif a aljihu. Ranar ƙarshe ke nan ta baje kolin kayan sadarwa da kwamfuta. Rumfarsu tana can ƙuryar zauren, tsakanin masu sayar da batir da ƙofar banɗaki. Abin da suka baje bai taka kara ya karya ba: na'urorin rarraba intanet, ɗan faranti irin wanda suke kafawa a rufin gidaje, sai hoton ƙarfen sabis ɗinsu na farko.

Mutumin da ke maƙale a ƙololuwar ƙarfen cikin hoton shi ne Injiniya, abokin kasuwancinsa kuma yayan matarsa. Tare suka kafa kamfanin, rabi da rabi. Injiniya ke hawa ya ɗaura ya haɗa, shi kuma Manaja ya bi makarantu da asibitoci da shaguna yana neman masu son a ja musu intanet. Sunayen ma da wasa suka laƙaba wa juna, tun ofishinsu bai wuce but ɗin mota ba, har suka bi su. Yau tun da hantsi Injiniya ya ce zai zaga ya ga kayan mutane, bai dawo ba.

Manaja yana cikin liƙa allon sai ga matar nan ta kamfanin zuba jari, wadda jiya ta tsaya ta yi musu tambayoyi har maƙogwaronsa ya bushe. Ta ja kujerar roba ta zauna ba tare da an ce mata bismillah ba.

"Mun duba bayananku," ta ce. "Unguwannin da kuka shiga, manyan kamfanoni ba su waiwaye su ba, kuma wanda ya kama layinku ba ya saki. Za mu zuba jari."

Manaja ya saki allon, ya sulale ƙasa abinsa.

"Amma da sharaɗi. Za mu kawo namu shugaban sashen fasaha. Abokinka ya iya aikinsa, ban ce bai iya ba, sai dai kula da ƙarfe goma daban, kula da ɗari daban. Za mu sayi kasonsa da daraja, ya koma gefe."

"Ranki ya daɗe, babu farantin da ke kan rufin kowa wanda ba hannunsa ne ya ɗaura ba. Kuma yayan matata ne."

"Shi ya sa na jira sai da na gan ka kai kaɗai." Ta ajiye katinta a kan tebur. "Gobe da rana zan tafi. Ina son amsa kafin nan."

Bayan ta wuce ya roƙi mai batir ya sa masa ido a rumfa, ya shiga zagaya zauren ba don yana neman komai ba. A tsakiya manyan kamfanoni sun kafa rumfuna kamar gidaje, da kafet da fitilu da 'yan mata masu raba biro. Wani allo ƙato yana nuna taswirar inda za su binne sabuwar waya bana. Ya tsaya ya duba da kyau. Jan layin ya tsaya daf da unguwanninsu. Bana ya tsaya. Wata shekarar ba zai tsaya ba. Batiran da ke gindin ƙarafunansu sun tsufa, ko an ɗauke wuta na ɗan lokaci sai wayarsa ta cika da ƙorafi. In babu jari, ba korarsu za a yi ba, shanye su za a yi suna ji suna gani.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, ya kasuwa?"

"Da godiya."

"Muryarka kamar wanda aka yi wa sata. In kun tashi ka taho da Yaya, na sa tukunya da shi. Yara sun ce kawunsu ya yi musu alkawarin hular kamfani."

"To," ya ce. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai ya ce caji ya kusa ƙarewa.

Da la'asar lasifika ta sanar a fara kwashe kaya. Sai ga Injiniya ya dawo riƙe da leda cike da takardun talla da huluna. Ya durƙusa ya fara naɗe waya a gwiwar hannu, yadda ya saba, a hankali, ba ya bari ta murɗe. Manaja yana jera na'urori a kwali yana juya maganar a ransa. Duk ta inda ya ɗauko ta sai ta yi kama da cin amana.

"Manaja," Injiniya ya ce, bai ɗago ba. "Akwai maganar da nake ta taunawa."

"Ina jinka."

"Mutanen babbar rumfar can, masu binne waya. Sun ba ni aiki. Kula da masu gyara, daga ofis. Yau na je muka ƙarasa magana." Ya ɗaure wayar ya ajiye. "Gwiwata ta gaji, ban taɓa gaya maka ba. In na kai rabin ƙarfe sai na tsaya na yi kamar ina duba ƙusa. Na san lokacin bai dace ba, na bar ka da kaya a ka. Ka yafe ni."

Manaja ya yi mamaki da ya gane haushi yake ji. Wato shi yana nan yana ƙona ransa, mutumin nan yana can yana shan shayi a kan kafet.

"Kason nawa kuma," Injiniya ya ci gaba, "ka riƙe. Na san halin da kamfani ke ciki. Abin da ya sawwaƙa ka ba ni, in ka samu. Ni da kai ba ma ciniki."

Katin matar yana aljihun gaban rigar Manaja. Ba wanda ya ga zuwanta sai mai batir, shi kuwa ya riga ya loda kayansa ya tafi. Abin da ake nema a wurin Manaja kawai ya ce "Allah ya sa haka ya fi alheri," ya karɓi kason a arha, gobe ya je ya sa hannu shi kaɗai. Har gode masa za a yi a gida.

Ya rufe kwalin, ya ja salatif a kai, ya sake ja ko da yake ya riga ya kama.

"Ba ni zan saya ba," ya ce. Ya zaro katin ya miƙa masa. "Wannan matar ce. Za su zuba jari, kuma suna son kasonka. Kada ka ce mata abin da ya sawwaƙa. Kada ma ka ce mata ka sami aiki. Ka bari ta yi ta lallashinka."

Injiniya ya karanta katin gaba da baya.

"Suna son kasona," ya ce. "Ni fa?"

"Kason kawai."

"Wato da ma korata za a yi."

"Haka ta nema."

"Kai kuma me ka ce mata?"

"Ban ce komai ba tukuna."

"Da me za ka ce?"

Manaja ya dube shi. "Wallahi, Yaya, ban sani ba."

Rabon da ya kira shi Yaya tun kafin su kafa kamfani. Injiniya ya gyaɗa kai, ya sa katin a aljihu ya danna maɓallin. Ma'aikatan zauren sun fara naɗe kafet daga can tsakiya, suna matsowa.

"Kama can," Injiniya ya ce, ya riƙo gefe ɗaya na teburin. "Ka bi a hankali wajen matakala, ni ne a baya."