Kada Ka Faɗa Musu

Abu Ƙusai mutum ne da bai yarda da abin da ba zai iya dafawa da hannunsa ba. Tirelolinsa masu ɗauko kwantena daga tashar jirgin ruwa ta Aƙaba, kowace ya san ƙarar injinta, kuma ko direba zai ɗauka sai ya matsa masa hannu ya ji kaurin tafinsa. Shi ya sa da ɗansa Ƙusai ya dawo daga karatu a Amman ya ce za a kwashe bayanan kamfanin gaba ɗaya a mayar gajimare, tsohon ya yi masa kallon wanda ya fara taɓuwa.

"Gajimare? A garin da ake shekara ba a ga ruwan kirki ba? Wa ke riƙe da shi?"

"Wasu manyan kwamfutoci ne a wata ƙasa, Baba. Haya za mu yi, kamar yadda ake hayar sito."

"Sito ai ina zuwa in girgiza kwaɗonsa."

Ƙusai ya yi abinsa a hankali. Ya kwashe komai, har da taswirar da ke nuna inda kowace motar kamfani take a kan hanya. Tsohuwar na'urar ajiya kuwa ya bar ta a ɗakinta mai sanyi tana ƙyafta koren haske, ba komai a cikinta. Bai taɓa gaya wa mahaifinsa ba, don ya gaji da musu. Kullum da safe tsohon zai leƙa ya dafa ta, ya ce Allah Ya yi mata albarka, Ƙusai kuma ya danne dariyarsa.

A safiyar da abin ya faru, wani tsohon direbansu mai suna Atallah ya take wani saurayi, Yazan, a shataletalen bakin kasuwa. Yaron ya fito da babur ne a guje, kowa ya gani, amma ko shurawa bai yi ba, kuma danginsa manyan dangi ne masu yawan samari da bindigogi. Atallah ya bar tirelar a wurin ya sheƙo da gudu har garejin kamfani, ya faɗi a gaban Abu Ƙusai, ya kama bakin rawanin tsohon ya ƙulle.

"Na shiga ƙarƙashinka, Abu Ƙusai. Jinina yana wuyanka."

"Ka shiga," in ji tsohon, bai ko yi tunani ba.

A al'adar garin, wanda ya ƙulle maka rawani ba ka miƙa shi, ko da gidanka zai ƙone. Su kuma dangin mamaci, kafin dattawa su shiga tsakani su karɓo alkawarin tsagaitawa, kwanakin tafasar jini ne, abin da suka fasa ko suka ƙona ba mai tambayarsu. Hanyar ofishin 'yan sandan garin ta cikin unguwarsu ta ratsa. Sai aka sa Atallah a akori-kurar kamfani, aka ce ya yanka ta hamada ya miƙa kansa ga 'yan sandan gari na gaba.

Ƙusai ya zauna a ofis yana kallon ɗigon motar yana rarrafe a taswira, gumi na bin bayansa. Ya so ya goge ta daga tsarin kwata-kwata, abin ya ƙi. Shi da kansa ya sa aka kulle wannan ƙofa bara, don kada direbobi masu satar mai su riƙa ɓatar da sawunsu. Ya tsine wa wayonsa. Abin da ya rage masa kawai ya fitar da kowace kwamfuta da wayar ma'aikata daga tsarin, ya canza kalmar sirri, ya sallami ma'aikata su tafi gida. Yana gamawa ya ji ƙarar birki a waje, sai harbi sama.

Ƙofar gareji ta faɗi da duka ɗaya na gaban mota. Suka shigo da ƙarafa da jarkokin fetur, Nayif yayan mamacin a gaba, jinin ƙaninsa bai ko bushe ba a gaban rigarsa. Gilasan tireloli suka fara zubewa. Wani ya ɗaga tukunyar gahawar da ke kan garwashi ya wurga ta cikin tagar ofis, ta tarwatse a bango.

"Ina karen naka, Mifleh?" Nayif ya kira tsohon da sunansa na yanka, abin da ko sa'anninsa ba sa yi.

"Allah Ya jiƙan Yazan, Ya ba ku haƙuri. Mutumin yana ƙarƙashina."

"An ce kana da na'urar da ke nuna inda motocinka suke."

Abu Ƙusai ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen kwance taya, ya wuce su ya shiga ɗakin sanyi, suka bi shi. Ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu ya sauke a kan na'urar da ya shekara yana sa wa albarka. Ya sake, ya sake. Murfin ya loɓa, tartsatsi ya tashi, koren hasken ya mutu, shi kuwa bai daina ba sai da numfashinsa ya ƙare. Ya yar da ƙarfen a gaban Nayif yana haki, fuskarsa cike da alfaharin wanda ya gama aiki.

"Ga ta nan. Ku tambaye ta."

Na ɗan lokaci Ƙusai ya ɗauka ƙaryar da ya bari ta yi musu rana. Sai wani siriri mai tabarau ya matso daga baya, ya zura ƙafa ya juya tarkacen. Lais ne, ɗan baffan mamacin, wanda suka yi jami'a tare da Ƙusai, suka sha cin falafil a faranti ɗaya.

"Fanko ce," in ji Lais, idanunsa jajir. "Ba a nan suke ajiya ba. Ƙusai da kansa ya riƙa cika mana baki ya mayar da komai gajimare. Daga wayarsa zai iya gani."

Abu Ƙusai ya juyo ya dubi ɗansa. Ƙusai ya sunkuyar da kai.

Gindin bindiga ya fara samunsa a kunci, ya ji haƙori ya karye a bakinsa. Ya faɗi a kan tarkacen na'urar, wani ƙarfe ya yanke masa tafin hannu. Takalma suka rufe shi ta ko'ina, a haƙarƙari, a ƙeya, a ido. Yana jin mahaifinsa na ihu, mutum biyu sun murɗe masa hannuwa ta baya. Suka ja Ƙusai da ƙafa zuwa tsakar gareji, suka zaro wayar daga aljihunsa, wani ya cafki gashinsa ya ɗaga kansa, Nayif ya kafa masa wayar a fuska don ta buɗe.

Wayar ta ƙi. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya kumbura ya kai hanci, ba ta gane mai ita ba.

"Kun ɓata fuskar, dabbobi!" Lais ya daka musu tsawa. Ya fito da tasa wayar, ya buɗe shafin kamfanin, ya durƙusa. "Ƙusai, don Allah. Kalmar kawai. Ka faɗa mu tafi. Wallahi ba na son abin da ake yi maka."

Ƙusai ya tofar da jini. A lissafinsa Atallah bai fita daga hamada ba tukuna, kuma motocin waɗannan sun ninka akori-kura gudu.

"Na manta," ya ce.

"Zan tuna maka, ɗan boko," in ji Nayif.

Ya taka masa ƙafar dama, ya ɗora bakin bindiga a kan ƙoƙon gwiwarsa. A bayansu tirela ta farko ta kama da wuta, tayoyinta na fashewa ɗaya bayan ɗaya, baƙin hayaƙi ya rufe rana.

"Ku ƙona su duka," in ji Abu Ƙusai. "Ga gidana can, ku ƙona. Ga ni, ni na karɓe shi, ni za ku harba. Yaron nan bai ƙulla komai da kowa ba."

"Kai ba ka san komai ba, tsoho, ƙarfe kawai ka iya fasawa. Shi ya sani. Ka ce masa ya faɗa. Ai mai biyayya ne."

Ƙusai ya ɗaga idon da ya rage masa ya nemi na mahaifinsa. Tsoro ya gama cinye shi. Ba jarumi ba ne, bai taɓa cewa shi jarumi ba ne, mutum ne da ya iya zama a gaban kwamfuta. Kalmar tana kan harshensa, har ya jera haruffanta. Izini kawai yake jira, ko ɗaga gira ne, don ya zama ba shi kaɗai ya sayar da Atallah ba. Ya roƙi tsohon da ido, roƙon da bai yi masa ba tun yana yaro.

Hawaye na bin gemun Abu Ƙusai. Bakinsa ya motsa sau biyu kafin murya ta fito.

"Kada ka faɗa musu, ɗana."

Ƙarar harbin ba ta kai yadda Ƙusai ya zata ba. Abin da ya biyo baya ne bai taɓa sanin akwai shi a duniya ba. Ya ji wani yana kururuwa kamar raƙumin da ake yankawa, sai can ya gane shi ne. Ƙafar ta juya ta fuskanci inda ƙafa ba ta fuskanta. Lais ya koma gefe yana amai.

Nayif ya mayar da bindigar kan gwiwar hagu.

"Kana da wata. Mu ji."

Ko da Ƙusai ya so magana a lokacin, haƙoransa sun datse, harshen ya ƙi motsi. Suna cikin haka wayar Nayif ta yi ƙara. Ya ɗauka da hannun hagu, bindigar na inda take. Ya saurara. Fuskarsa ta saki, ya zama yaron da ƙaninsa ya mutu da safe.

"Ya shiga hannun hukuma," ya ce wa mutanensa. Ya dubi jinin da ke malala a siminti, ya dubi rigarsa, ya juya. Suka fice, sai Lais da ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai yi magana, sannan shi ma ya bi su.

Abu Ƙusai ya rarrafo. Ya warware rawaninsa, kansa a buɗe a tsakar gareji, ya ɗaure cinyar da ƙarfi yana kiran sunan Allah. Ya ɗora kan ɗansa a cinyarsa yana share masa jini da hannun riga.

"Ya isa, ɗana. Ka ji? Atallah ya isa da ransa. Ka fitar da mu kunya."

Ƙusai ya ji. Ya san mahaifinsa ya yi daidai, ya san duk majalisar da aka zauna a garin nan za a ambaci sunansu da girma. Ya kuma san cewa shi dai ya roƙa, an gani, an ƙi.

Tsohon ya kamo hannunsa ya riƙe gam. Ƙusai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya zare hannun a hankali, ya juya fuskarsa wajen wutar.